Kaduna ta Arewa: Labarin Ƙasarta, Tarihinta da Tsarin Mulkinta

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa cika takardar jarrabawa ko ta neman shiga makaranta ya san gurbin nan da ake rubuta sunan ƙaramar hukuma. Da yawa sukan rubuta sunan su wuce, ba tare da sun san inda iyakar hukumar ta tsaya ba, ko yadda aka yi ta kafu, ko aikin da doka ta ɗora mata. Wannan rashin sani yana da illa. Ranar da ruwan sama ya cika kwata ya shiga ɗakuna, ko shara ta toshe hanyar kasuwa, ko iska ta yaye rufin ajin firamare, mutanen unguwa sukan rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Sai a yi ta zargin gwamnati a dunƙule, alhali kuwa gwamnati a Nijeriya hawa uku ce, wato tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, kuma kowane hawa da nauyin da ya rataya a wuyansa.

Wannan maƙala za ta ɗauki Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa a matsayin misali. Za a duba yanayin ƙasarta, da tarihin kafuwar garin, da yadda ake tafiyar da mulkinta, sannan a kwatanta ta da irin tata a ƙasar Norwe. Malamai suna iya bin wannan tsari su nazarci ƙaramar hukumar da makarantarsu take ciki.

Matsayi da Iyaka

Birnin Kaduna yana kusa da layin latitud na digiri 10 da rabi arewa da ikwaita, da layin lonjitud na kusan digiri 7 da rabi gabas. Tudunsa daga bakin teku ya kai kimanin mita 600, kuma tsakaninsa da Zariya akwai tafiyar kimanin kilomita 80. Birnin ya bazu cikin ƙananan hukumomi huɗu daga cikin 23 da ke jihar: Kaduna ta Arewa mai hedikwata a Doka, Kaduna ta Kudu mai hedikwata a Makera, Igabi mai hedikwata a Turunku, da Chikun mai hedikwata a Kujama.

Akwai kuskuren da ɗalibai suka saba yi a nan. Sukan ɗauka cewa duk abin da ke arewacin kogi Kaduna ta Arewa ce, abin da ke kudu kuma Kaduna ta Kudu. Ba haka taswira ta nuna ba. Tudun Wada da Tudun Nupawa da Unguwar Sanusi duk suna arewacin kogi, amma a ƙarƙashin Kaduna ta Kudu suke. Rigasa da Rigachikun kuwa na Igabi ne. Saboda haka arewacin kogin kansa ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi uku.

Faɗin Kaduna ta Arewa kimanin murabba'in kilomita 70 ne. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna tana da mutum sama da 350,000. In aka raba yawan mutanen da faɗin ƙasar, za a samu kimanin mutum 5,000 a kowane murabba'in kilomita tun a wancan lokaci. Wannan adadi shi masana labarin ƙasa ke kira cunkoson jama'a, kuma da shi ake auna irin matsin da ke kan ruwan sha da hanyoyi da makarantu.

Dutse, Ƙasa da Kogi

A ƙarƙashin birnin Kaduna akwai tsohon dutse mai tauri wanda shekarunsa suka haura miliyan 500. Ruwan sama da zafin rana sun daɗe suna cin samansa, har ya ruɓe ya zama jar ƙasa, a wasu wurare kuma ya daskare ya zama marmara. Jan launin ya samo asali ne daga sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasar, wanda ya yi tsatsa kamar yadda fartanya take yi in an bar ta a raɓa.

Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa a cikin jikinsa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana taruwa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da kuma cikin tsagoginsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa rijiyoyi da yawa ke janyewa a watannin Maris da Afrilu, kuma shi ne dalilin da ya sa wani zai haƙa rijiyar burtsatse ya sami ruwa mai yawa, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi da kaɗan. Na farko ya dace da tsaga, na biyu bai dace ba.

Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa cikin Kogin Kwara kusa da Pategi. Kafin ya iso birnin yakan karɓi ruwan wasu koguna, cikinsu har da Galma da ya biyo ta ƙasar Zariya. Ya bi gefen Kaduna ta Arewa ta gabas, ta wajen Malali da Unguwar Rimi da Kabala, sannan ya karkata yamma ya ratsa birnin. Daga cikinsa ake ɗibar ruwan da ake tacewa a matatar Malali, kuma an gina madatsar Kangimi a gabashin birnin domin ta tallafa wa kogin da rani. Can ƙasa, a Jihar Neja, kogin ne ke juya injinan lantarki na madatsar Shiroro da aka buɗe a 1990. A bakinsa akwai fadamu masu baƙar laka inda ake noman alayyafo da latas da tumatir da masara har cikin rani.

Yanayi

Iskoki biyu ne ke juya yanayin Kaduna. Ɗaya busasshiya ce mai ƙura, tana tasowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, ita ce ke kawo hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ɗayar kuma mai laima ce, tana tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ita ce ke kawo damina. Inda iskokin biyu suka haɗu yana matsawa arewa ya komo kudu sau ɗaya a shekara, yana bin rana. Idan mahaɗar ta wuce Kaduna ta yi arewa, sai ruwa ya sauka.

Damina takan fara a Afrilu ko Mayu ta ɗauke a Oktoba. Ruwan da ke sauka a shekara yakan kai kimanin milimita 1,200, kuma mafi yawansa yana zuba ne a Yuli da Agusta da Satumba. Zafi ya fi tsanani a Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan kai digiri 35 ko fiye da rana. Domin a gane yawan wannan ruwa, a ɗauki rufin gida mai faɗin murabba'in mita 100. Ruwan da zai sauka a kansa a shekara guda ya kai lita 120,000, wato cikin duro 600 mai cin lita 200.

Abin da Sunayen Unguwanni ke Faɗa

Kaduna tana cikin yankin dajin da ke tsakanin kurmin kudu da sahel na arewa, mai dogayen ciyayi da itatuwa matsakaita kamar doka da kawo da maje da ɗorawa da kaɗanya. Gine-gine sun cinye yawancin wannan daji, amma sunayen wurare suna tuna wa mai lura da abin da ya gabata. Doka da Kawo sunayen itatuwan wannan daji ne, haka ma rimin da ke cikin sunan Unguwar Rimi. Kurmin Mashi yana ɗauke da kalmar kurmi, Rafin Guza yana ɗauke da rafi da dabbar bakin ruwa, Tudun Wada kuma yana nuna tudu. Wasu sunayen kuwa mutanen da suka fara zama suke nunawa, alal misali Unguwar Kanawa da Tudun Nupawa.

Game da sunan garin kansa, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa ya fito daga jam'in kalmar kada, saboda yawan kadojin da ke kogin a da. Akwai kuma masu ganin asalinsa wata kalma ce ta Gbagyi mai nufin kogi. Har yau kada ita ce alamar da aka san garin da ita.

Kafuwar Gari

Kafin zuwan Turawa babu babban birni a inda Kaduna take. Akwai ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da ƙauyukan Hausawa manoma, da rugagen Fulani, duk a cikin ƙasar Zazzau. Turunku da ke Igabi tsohuwar cibiya ce ta sarautar Zazzau kafin a koma Zariya.

Ranar 1 ga Janairu 1900 Ingila ta shelanta mulkinta a kan Arewacin Nijeriya a Lakwaja, ƙarƙashin Gwamna Lugga. An fara zama a Jabba, daga bisani a 1902 aka mayar da hedikwata Zungeru, wadda ita ma a bakin Kogin Kaduna take. Zungeru tana da zafi ainun, kuma ta yi nisa da manyan masarautun Kano da Katsina da Zazzau. A 1911 hanyar jirgin ƙasa daga Baro ta isa Kano, ta ƙetare kogin a inda birnin yake a yanzu. Da Lugga ya komo Nijeriya a 1912, sai ya zaɓi wannan maƙetara ta zama sabuwar hedikwata. Dalilansa sun haɗa da samun ruwan sha duk shekara, da sauƙin kai soja kowace kusurwa ta jirgi, da sassaucin zafi, da kuma kasancewar babu wani babban sarki zaune a wurin. Sojoji suka fara tarewa a 1913, aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, sannan ofisoshin gwamnati suka taso daga Zungeru a 1917. Wata 'yar gadar ƙarfe ta ƙafa da aka gina a Zungeru a 1904, wadda daga baya aka kwaso, tana lambun shaƙatawa na Janar Hassan Katsina da aka fi sani da Gamji. A shekarun 1920 kuma hanyar jirgi daga Fatakwal ta iso ta Kafanchan, Kaduna ta zama mahaɗa.

Turawa sun shata garin bisa wariya. Sun keɓe wa kansu unguwa mai manyan filaye da itatuwa, suka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da mazaunin 'yan ƙasa, bisa hujjar gudun sauro. Ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa suka zauna a Sabon Gari mai miƙaƙƙun tituna, inda har yanzu ake ganin sunaye irin su Titin Kano da Titin Katsina da Titin Ibadan da Titin Legas. Leburori da sauran baƙi daga ƙasashen Arewa suka cika Tudun Wada. Duk wanda ya kwatanta faɗin filaye da yawan itatuwa a tsohuwar unguwar Turawa da na Unguwar Shanu zai ga cewa sawun wannan shata bai goge ba.

Hedikwatar Arewa

Da aka kafa Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa bayan yaƙin duniya na biyu, a Kaduna suka zauna, a ginin Lugard Hall wanda yanzu Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke amfani da shi. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya zama Firimiya a 1954, Arewa ta sami mulkin kai a 1959. A wannan zamani garin ya bunƙasa ƙwarai. An buɗe masaƙar Kakuri a kudancin kogi a 1957, gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, makarantar horar da hafsoshin soja a 1964, jaridar New Nigerian kuma a farkon 1966. Gidan da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966 shi ne Arewa House, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello.

A 1956 an yi doka aka cire Kaduna daga hannun En'e ta Zariya, aka mai da ita yankin babban birni mai shugaba na musamman, domin ta zama gidan kowa a Arewa. A 1967 wani masanin tsara birane ɗan Ingila, Max Lock, ya fitar da taswirar yadda ya kamata garin ya girma har zuwa 2017. A cikin wannan shekara ce, ranar 27 ga Mayu, aka rarraba ƙasa jihohi 12, Kaduna ta zama babban birnin Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1976 aka sauya sunan jihar zuwa Kaduna, a 1987 kuma aka fitar da Jihar Katsina daga cikinta.

Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun jawo asarar rayuka da dukiya mai yawa, sun kuma sauya zaman garin. Iyalai da dama sun ƙaura, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudu. Wannan ma darasi ne na labarin ƙasa: tsoro yana iya shata iyakar da babu ita a taswirar hukuma.

Daga En'e zuwa Ƙaramar Hukuma

A zamanin Turawa mulkin ƙasa yana hannun En'e, wato sarki da majalisarsa, da hakimai da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinsa. En'e tana da baitulmali da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin da aka kafa tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, aka amince da su a matsayin hawa na uku na gwamnati, aka ba su kaso daga asusun tarayya. An fara da kimanin 300, bisa ƙa'idar kowace ta ƙunshi mutum 150,000 zuwa 800,000. Gwamnatocin soja suka yi ta ƙara yawansu, kuma a cikin wannan ƙari ne aka raba tsohuwar hukumar Kaduna aka sami ta Arewa da ta Kudu. Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa 774.

Sakatariyar Kaduna ta Arewa tana wurin da ake kira Magajin Gari, sunan ɗaya daga cikin sarautun Zazzau. Hukumar tana da mazaɓu 12, daga cikinsu akwai Kawo, Badarawa, Hayin Banki, Unguwar Dosa, Unguwar Sarki, Unguwar Shanu, Kabala, Shaba da Maiburji. Kowace mazaɓa tana zaɓen kansila ɗaya. Shugaban ƙaramar hukuma, wanda jama'a ke kira ciyaman, shi ke jagorantar zartar da ayyuka, kansiloli kuma su ke yin ƙananan dokoki da duba kasafin kuɗi. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya wannan zaɓe, kuma a watan Mayu 2018 Jihar Kaduna ta zama ta farko a Nijeriya da ta yi shi da na'urar kaɗa ƙuri'a. Ta fuskar gargajiya yankin yana cikin Masarautar Zazzau. Hakimai da masu unguwanni ba su riƙe baitulmali kamar da, amma ana komawa gare su wajen sulhu da shaidar zama da isar da saƙon hukuma, kamar lokacin allurar rigakafi.

Ayyukan da Doka ta Ɗora Mata

Sashe na 7 na kundin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Jadawali na huɗu kuma ya jera ayyukansu. Daga ciki akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da ban-ɗakunan jama'a, gina ƙananan tituna da kwatoci da fitilun kan hanya, kwashe shara, raɗa wa tituna suna da lambata gidaje, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, ba da lasin na kekuna da amalanke da kwale-kwale, da sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. Bugu da ƙari, tana da hannu tare da jiha a ilimin firamare da na manya, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma.

A aikace, da yake Kaduna babban birni ce, hukumomin jiha sun ɗauki wasu daga cikin waɗannan ayyuka. Izinin gini yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, wato KASUPDA, ruwan famfo kuma yana hannun hukumar ruwa ta jiha. A 2021 gwamnatin jiha ta gwada kafa hukuma guda da za ta haɗa hidimomin birnin da ya rabu huɗu, tunani mai kama da na 1956.

Kuɗin ƙaramar hukuma yana zuwa ta hanya biyu: harajin da take tarawa da kanta, da kasonta na asusun tarayya. Tsarin rabon da aka yi aiki da shi tun 2004 ya ba tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda aka daɗe ana kukan cewa yana bai wa gwamnoni damar riƙe kuɗin. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu.

Ambaliya: Inda Ƙasa da Mulki Suka Haɗu

Kaduna ta ga manyan ambaliyoyi a 2003 da 2012, kuma unguwannin bakin ruwa irin su Rafin Guza da Kabala da ƙasan Unguwar Rimi suna cikin waɗanda suka saba shan wahala. Ya kamata a bambance iri biyu.

Iri na farko shi ne cikar kogi. Ruwansa daga nesa yake zuwa, daga tsaunukan Jos da ƙasar Zazzau, don haka kogi yana iya tumbatsa ko da ba a yi ruwa a Kaduna ranar ba. Fadama ita ce wurin da kogi ke zuba rarar ruwansa tun fil azal. Wanda ya yi gini a cikinta ya shiga hanyar ruwa, maganin kuwa shi ne hana gini a wurin da gargaɗin jama'a da wuri, aikin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ita kaɗai.

Iri na biyu shi ne ambaliyar kwata. Idan aka yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya, kowane murabba'in kilomita zai karɓi lita miliyan 50, wato cikin tankar mai sama da 1,500 mai ɗaukar lita 33,000. A daji, ciyawa da ƙasa sukan shanye kaso mai yawa. A unguwar da kwano da siminti da kwalta suka rufe, yawancin ruwan yana gangarawa kwata cikin 'yan mintoci. In kwatar ta yi ƙanƙanta ko leda ta toshe ta, sai ruwa ya nemi hanya ta cikin gidaje, ya haɗu da masai ya gurɓata rijiyoyi, daga nan sai amai da gudawa, sauro kuma ya sami wurin ƙyanƙyasa. Kwata da shara duka suna cikin jadawali na huɗu. A nan mazauna unguwa suna da haƙƙin tambayar kansilansu, suna kuma da nauyin daina zuba shara a magudana.

Kwatanci da Ƙasar Norwe

Norwe ƙasa ce a arewacin Turai mai mutum kimanin miliyan 5 da rabi. Ita ma tana da hawa uku na mulki, kuma dokar da ta kafa ƙananan hukumominta ta samo asali tun 1837. Daga farkon 2024 tana da ƙananan hukumomi 357, wato kowace tana da mutum kimanin 15,000 in aka yi rabon daidai. A Nijeriya, in aka raba mutum miliyan 200 gida 774, kowace za ta tashi da sama da 250,000.

Yawancin ƙananan hukumomin Norwe na karkara ne. Utsira tsibiri ne mai mutum kimanin 200, amma yana da majalisarsa. Kautokeino da ke can arewa, ƙasar makiyayan Sami, tana da faɗin murabba'in kilomita kusan 9,700, wato ta ninka Kaduna ta Arewa fiye da sau 130, alhali mutanenta kimanin 3,000 ne. Ana zaɓen majalisa duk shekara huɗu, majalisar kuma ita ke zaɓen shugaba daga cikin 'ya'yanta. Ƙaramar hukuma ce ke riƙe da makarantun firamare da gidajen renon yara da kula da tsofaffi da ruwan sha da ƙananan hanyoyi, kuma tana samun kaso kai tsaye daga harajin albashin mazaunanta, ban da tallafin gwamnatin tsakiya.

Matsalar Kautokeino ita ce nisa: yadda za a kai likita da malami ga mutane kaɗan da suka warwatsu. Matsalar Kaduna ta Arewa ita ce cunkoso: yadda za a wadatar da dubban mutane a ƙaramin fili. Abin lura shi ne cewa inda kuɗin hukuma ke fitowa daga aljihun mazauna, kuma ɗan majalisa maƙwabci ne da ake haɗuwa da shi a kasuwa, bin bahasin yadda aka kashe kuɗi yakan zo da sauƙi.

Kammalawa

An ga yadda kogi da hanyar jirgi suka jawo kafuwar Kaduna, yadda shatar Turawa ta bar sawu a unguwanni, da yadda mulkin gari ya tashi daga hannun En'e ya koma hannun zaɓaɓɓu. An kuma ga cewa dutsen da ke ƙarƙashin gari da ruwan da ke sauka a kansa su ke ƙayyade irin aikin da ke jiran hukuma. Ɗalibin sakandare na yau zai kai shekara 18 ya yi zaɓe nan ba da daɗewa ba, kuma ƙuri'ar kansila ita ce mafi kusa da ƙofar gidansu.

Ayyuka Domin Ɗalibai

1. A zana taswirar unguwar da makaranta take, a nuna tudu da gangare da inda ruwan sama ke bi har ya kai rafi ko kogi.

2. A auna tsawo da faɗin rufin aji ɗaya, a lissafa yawan litar ruwan da zai tara a shekara mai ruwan milimita 1,200.

3. A tattara sunayen unguwanni goma, a tambayi dattawa asalinsu, a rarraba su gida uku: na itatuwa da dabbobi, na yanayin ƙasa, da na mutane.

4. A nemo sunan mazaɓar da makaranta take da sunan kansilanta, a jera matsaloli biyar na unguwar, a nuna hawan gwamnatin da kowace ta rataya a kansa.

5. A yi muhawara a aji: shin ya fi kyau birnin Kaduna ya kasance ƙarƙashin hukuma guda, ko a bar shi a rabe huɗu?